Taswirar Amurka a Shagon Abdulwasi'u

Shekara goma sha tara Abdulwasi'u yana ɗinki a unguwar Mansur, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa dawo masa da tufa an ce ta farke ba. Shi ne mai yawan faɗin haka, amma gaskiya ce. Tob ɗin da ya ɗinka, doguwar rigar nan ta maza, yakan tsufa, wuyansa ya koɗe, mukullai su huda aljihunsa, mai shi ya yi ƙiba ya bar wa ƙanensa, ɗinkin kuwa yana nan daram. Mutumin Dambatta ne, ya zo Makka da ƙuruciyarsa, ya yi furfura a kan keke ɗaya. Ba shi da gida a garin, ba shi da mota, shagon ma na Alhaji Mukhtaru ne, kafil ɗinsa da ke riƙe da takardun zamansa. Abin da ya mallaka shi ne wannan shaidar da ake yi masa, kuma yana tattalinta fiye da yadda wasu ke tattalin lafiyarsu.

Nora kuwa autar Alhaji Mukhtaru ce. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Kakan kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa don aikin hajji, bai koma ba. Hausarta irin ta 'ya'yan Makka ce, in ta yi taku biyu sai ta jingina da Larabci. Abdulwasi'u ne ya ɗinka mata rigar makaranta tun tana firamare, yanzu ga ta ta zama malamar tarihi a wata makarantar 'yan mata mai zaman kanta da ke bin manhajar Amurka. Sai dai ba a tabbatar da ita ba tukuna. Su biyu aka ɗauka gwaji, gurbin kuwa ɗaya ne. A ƙarshen zango mushrifa, wato mai duba malamai, za ta zauna a ajin kowacce ta kalli darasi guda, wadda nata ya fi ita za a riƙe.

Wata Lahadi bayan la'asar Nora ta shigo shagon da leda cike da yadi da wasu takardu da ta yanyanka.

"Ammu Abdulwasi'u, taswira nake so ka ɗinka min."

Ya ɗago daga kan keke ya sauke tabarau. "Taswirar me?"

"Amurka. Ta da, ba ta yanzu ba. Banat ɗin ajina, 'yan matan nan, barci suke yi in na kunna musu allon lantarki. Ina son abin da za su taɓa da hannunsu. Ɗayar malamar ta fi ni iya na'ura nesa ba kusa ba, ni wannan ce kawai dabarata."

Ta shimfiɗa takardun a kan teburin yanka. Akwai wani siririn yanki mai tsawo a bakin teku, jihohi goma sha uku da suka fara haɗuwa, ta ce a yi shi da shuɗi. Sai wani a bayansa har zuwa wani kogi wai shi Misisipi, a yi shi da kore.

"Gefen teku ka kalmashe shi," in ji ta. "Amma gefen yamma, nan wajen kogin, ka bar shi yadda yake. Kada ka taɓa shi, Ammu."

Ya ji ta sarai. Kunnensa lafiya lau. Amma da ya gama haɗa shuɗi da kore ya ɗaga abin, sai ya ga gefen yamma yana zubar da zare kamar tsumman goge mota, ya ce a ransa wannan ba zai fita ta ƙofar shagonsa a haka ba. Yarinya ce, me ta sani a kan yadi? Ya naɗe gefen sau biyu, ya bi shi da keke, ya goge. Da ta zo karɓa ta ga kalmasar, sai ta ce, "Tayyib," ta tafi.

Lahadin da ta zagayo sai ga ta da taswirar a hannu ɗaya, wani ƙaton yadi ruwan ƙwai a ɗaya hannun.

"Za a ƙara wannan a yamma."

"A yamma ina? Na rufe yamma."

"Ai na ce kada ka rufe."

Haushi ya kama shi, irin haushin da ke kama mutum in ya san laifin nasa ne. Ya ɗauko reza ya fara farke kalmasar da ya yi da hannunsa, kuma duk wanda ya taɓa farke ɗinkin Abdulwasi'u ya san ba aikin minti biyar ba ne. Yana yi yana mita. Ya murza sabon yadin tsakanin yatsunsa ya ce ba shi da ƙwari, shara-shara ne, na shafin riga. Ta ce shi kaɗai ta samu mai wannan faɗin da wannan launin.

"Wannan uwar ƙasar kuma daga ina suka samo ta?"

"Luwiziyana. Sayenta suka yi a hannun Faransa, shekarar 1803. Dare ɗaya ƙasarsu ta ninka."

"Ba kowa a cikinta?"

"Da mutane, Ammu. Ƙabilu da yawa, da garuruwansu da gonakinsu. Ba wanda ya tambaye su."

Ya yi tsaki ya ci gaba da tsintar guntayen zare. Da ya gama haɗawa, ta sake roƙonsa ya bar gefen yamma a buɗe, saboda so take 'yan matan su riƙa ganin ƙasar tana girma mako-mako, ba su san inda za ta tsaya ba, kamar yadda mutanen wancan zamanin ba su sani ba. Ya ce to. Bayan ta fita ya yi wa gefen 'yar siririyar kalmasa, wai don kada ya zube a mota.

Haka aka yi ta yi har mako biyar. Ta kawo Fulorida, wadda aka karɓa a hannun ƙasar Sifen, wani ɗan tsiri mai reto a kudu kamar hannun rigar da aka manta ba a ɗinke ba. Ta kawo Tekzas. Ta kawo Oregon can sama. Ta kawo wani babban yanki da aka ƙwace daga Mekziko bayan yaƙi. Kowane mako sai ya farke abin da ya rufe makon jiya, kowane mako kuma sai ya sake rufe sabon gefen, ita tana cije leɓe, shi yana huci. Yadin nan ruwan ƙwai da ke tsakiya shi ya fi shan wahala, don ta kowane gefe an huda shi an sake hudawa. Tob ɗin mutane suka taru a kan maratayi suna jiran sa, shi yana nan yana fama da kogunan wata ƙasa da bai taɓa gani ba.

"Mutanen nan ba sa ƙoshi ne?" ya tambaye ta ranar da ta kawo yankin Mekziko. "Ina za su kai ta?"

"Sun kai teku, Ammu. Halas, ba sauran yamma."

"Alhamdu lillahi. Teku ta yi min maganinsu."

Ranar ya yi kalmasar ƙarshe da kwanciyar rai, ya rataye taswirar a bangon shagon kafin a zo ɗauka. Gaskiya ta yi kyau. Har Yari, mai tsiren da ke maƙwabtaka da shi, mutumin Maraɗi, wanda kullum yake shigowa shan sanyin na'ura kafin ya hura gawayi, sai da ya tsaya ya kalle ta ya ce ashe tsohon ya iya wani abu ban da wuyan tob. 'Yan matan ma, in ji Nora, sun daina barci. Har rigima suke yi a kan wadda za ta riƙe gefen taswirar.

Saura kwana uku mushrifa ta zo, Nora ta dawo da taswirar. Ta shimfiɗa ta a tebur, ta ɗauki allinsa ba ta ko tambaya ba, ta fara jan layi. Ta taso daga bakin tekun gabas ta ratsa shuɗi, ta bi wani kogi ta ratsa kore, ta haura ta zagaye wata jiha mai kusurwa huɗu a cikin ruwan ƙwai, ta sauko, ta miƙe yamma, ta zagaye Tekzas ta fita ta ƙasa.

"Nan za ka yanka."

Abdulwasi'u ya dube ta, ya dubi layin. "In yanka me?"

"Taswirar. Gida biyu."

Sai da ya nemi kujera ya zauna. Mako biyar yana haɗa abu, yau an ce ya sa masa almakashi. Nora ta ga fuskarsa, ta jawo ɗayar kujerar ta zauna ita ma, ta yi masa bayani a hankali, da muryar da take yi wa ɗalibanta.

"Duk sanda aka ƙara ƙasa, Ammu, sai faɗa ya tashi. Mutanen Kudu gonakin auduga gare su, bayi ke noma musu. Jihohin Arewa sun bar bauta. To sabuwar ƙasar da aka samu, tsarin wa za ta bi? A majalisarsu kowace jiha kujera biyu gare ta, yani kowane ɓangare idonsa na kan yawan ɗayan. Da wannan jihar, Mizuri, ta nemi shiga da bayinta, saura kaɗan komai ya watse. Sai a 1820 suka yi sulhu. Mizuri ta shiga da bayi, aka shigo da wata jiha mara bayi can arewa don kada wani ya fi wani."

"Kunnen doki ke nan."

"Aiwa. Sannan suka ja layi daga nan zuwa yamma. Sama da shi ba bauta. Ƙasa da shi akwai."

"Su waye bayin?"

"Irinmu, Ammu. Baƙaƙe. Wasu ma daga ƙasashenmu aka kwashi kakanninsu."

Ya dubi farin layin allin. Ransa ya ɓaci sosai, ɓacin da bai yi tsammani ba a kan mutanen da suka mutu shekara ɗari biyu da suka wuce. "Wato dattawa suka zauna da rigunansu masu tsada, suka ja layi, suka ce daga nan zuwa nan ɗan Adam kaya ne?"

"Haka suka yi."

"Allah wadai. Ya riƙe kuwa?"

"Shekara talatin da huɗu. Daga nan aka soke shi, aka fara kashe-kashe a nan Kansas," ta ɗora yatsa a kan ruwan ƙwai, yamma da Mizuri, "bayan shekara bakwai ƙasar duka ta shiga yaƙi. Shi nake so su gani da idonsu."

Ta fito da wani baƙin zare mai kauri daga jakarta. Abin da take so shi ne ya yanka taswirar a kan layin, ya sake haɗa ta da wannan zaren kaɗai, da allurar hannu, ɗinki sako-sako, ya bar wata 'yar maɗauka a gefe. A ƙarshen darasi, bayan 'yan matan sun ba da labarin yadda aka ƙara kowane yanki, za ta tambaye su me ya faru da ƙasar da ta yi wannan girman. Sai ta ja zaren. Kudu ta faɗi ƙasa a gabansu. Minti arba'in na darasin duk wurin nan suke tafiya.

"Ɗinkin da zai farke kike so in yi."

"Shi ne aikinsa, Ammu. In bai farke ba, ba ni da darasi." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Kuma ka sa sunanka a kusurwa, irin wanda kake sa wa a wuyan tob. Haƙƙinka ne. Mudira, shugabar makarantarmu, ta gayyaci iyaye mata, ina son su san wanda ya yi."

Washegari da hantsi ya yanka. Hannunsa bai so ba, amma ya yanka, ya bi layin allin tsaf har zagayen Mizuri mai ban haushi. Ya zura baƙin zaren a allura ya haɗa ɓangarorin biyu da manyan taku, irin ɗinkin da ko ranar da ya fara koyo a Dambatta bai yi ba. Ya ɗinka ɗan ƙyallen sunansa da lambar wayarsa a kusurwar ƙasa. Sannan ya ɗaga taswirar ya rataye. Kudu ta ɗan saki, ta yi ciki. Hasken ƙofa yana ratsowa ta tsakanin taku da taku. Kuma ga sunansa nan a ƙasa, baƙi a kan fari.

A daidai lokacin Yari ya shigo shan sanyi. Ya tsaya, ya karkata kai, ya zura ɗan yatsansa ta ɗaya daga cikin ramukan ya motsa shi.

"Kai, Abdulwasi'u! Hannu ya fara rawa ne, ko idon ne ya tafi?"

"Haka aka ce in yi. Da gangan ne. Za a ja zaren ta rabe, darasi ne."

"Ni na ji, don ina tsaye a gabanka," in ji Yari yana dariya. "Matan da za su zauna a bayan aji fa? Kowacce za ta koma gida ta ce wa mijinta, taswirar da telan Mansur ya ɗinka ta rabe biyu a gaban jama'a. Ga suna, ga lamba. Wa zai tsaya jin bayanin Amurka?"

Yari wasa yake yi. Yana fita ya manta, ya koma kan namansa. Amma maganar ta zauna wa Abdulwasi'u a ƙirji ta ƙi wucewa. Ya ɗauki tob ɗin wani ya ajiye. Ya sha shayi bai ji ɗanɗanonsa ba. Duk inda ya juya sai idonsa ya koma kan ramukan nan da haske ke ratsawa. Can ya ce a ransa, abin nan mota zai shiga, za a naɗe shi, yara za su jajja shi, in ya zare tun kafin darasin fa? Ai taimakonta ne a ɗan kama shi a wuri biyu ko uku. Ya sauko da taswirar, ya juya bayanta, ya sa zare mai launin yadin a keke yadda ba za a gani ba.

Wuri uku ya yi niyya. Amma ƙafar da ta shekara goma sha tara tana taka keke ba ta san tsayawa a tsakiyar ɗinki ba. Ya taso daga tekun gabas, ya bi kogin, ya zagaye Mizuri, ya miƙe yamma, ya zagaye Tekzas. Da ya kai ƙarshe ya juya yadin ya dawo ta kan sahunsa, kamar yadda yake yi wa hammatar kowane tob. Ya ɗaga. Ba rami ko ɗaya, Kudu ta tsaya cak, baƙin zaren yana kwance a sama gwanin sha'awa, ba abin da yake riƙe da shi. Kada a ce bai san abin da ya yi ba. Ya sani. Abin da ya gaya wa kansa shi ne in ta zo zai faɗa mata, in ta ƙi sai ya farke a gabanta.

Ta zo da yammar Litinin a gurguje, ta bar motarta a tsakiyar layi ana ta danna mata ham. Ya riga ya goge taswirar ya ninke ta a leda.

"Zaren yana nan, Ammu?"

"Yana nan."

"Da maɗaukar?"

"Da ita."

"Ba zan ko buɗe ba sai gobe a aji, kada ya zare min a hanya. Allah ya saka da alheri, wallahi na wahalar da kai." Ta rungume ledar ta fita da gudu.

Bakinsa ya buɗe, amma ham ɗin motocin ya fi shi ƙarfi, ko kuma haka ya ga dama ya ɗauka. Ya tsaya a ƙofa har motarta ta sha kwana.

Ranar Talata ya ɗauki waya da ƙarfe takwas don ya kira Nora, ya ajiye. Ya sake ɗauka da tara, ya tsaya tunanin yadda zai fara maganar, wani ya shigo awo. Da ya kira da goma da rabi wayarta a kashe take. Bai ci abincin rana ba. Nora ba ta kira ba, ba ta zo ba, Alhaji Mukhtaru ma da ya biyo ta shagon da yamma gaisawa kawai suka yi.

Ranar Laraba wata baƙuwar lamba ta kira shi. Wani mutum ne mai fara'a, ya ce sunansa Bandar, 'yarsa tana makarantar da Abla Nora ke koyarwa.

"Matata ce ta ɗauko lambarka a jikin wata taswira jiya. Ta ce mutum biyu suka kama ɗinkinka suna ja, yadin ya yage, ɗinkin ko gezau. Na ce irin telan da nake nema ke nan. Yaushe zan zo awo?"

Abdulwasi'u ya ce ko yaushe. Ya ajiye wayar a hankali a kan keke. Wannan ita ce shaidar da ya fi so a duniya, an kawo masa ita har cikin kunne, kuma ji ya yi kamar ya haɗiyi allura.

Sai ranar Alhamis bayan la'asar Nora ta zo. Ba ta yi sallama da ƙarfi yadda ta saba ba. Ta ciro taswirar daga leda ta shimfiɗa a teburin yanka. Baƙin zaren babu shi. Layin yana nan a haɗe, lafiya lau, daga teku har Tekzas. Amma yadin ruwan ƙwai ya yage tun daga yammacin Mizuri, yagewar ta haura a karkace ta cikin Kansas har kusan saman taswirar, bakinta duk zare.

"Darasin yana tafiya da kyau," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Ban taɓa ganin su haka ba. Kowacce ta tashi ta faɗi yankinta. Mushrifa har murmushi take yi. Na yi tambayata, ajin ya yi tsit, na ja zaren. Ya fito duka a hannuna, Ammu, tsawonsa ya fi ni. Taswirar ko motsi. Na ce ko ta maƙale ne, na girgiza ta. Aka fara dariya a baya. Na ce wa wata yarinya, Hafsa, ta kama sama, ni na kama ƙasa, muka ja. Sai ji muka yi ƙyat. Hafsa ta faɗi zaune. Daga nan ban sake samun ajin ba har aka buga ƙararrawa."

"Nora..."

"Ka san abin da ya fi ci min rai? A Kansas ta yage. Daidai inda su ma jini ya fara zuba. Da na ce musu, ku duba, an ɗaure layin tam, sai ƙasar ta yage a sabon wuri, da na tsira. Amma kaina ya ɗaure. Ina tsaye da zare a hannu kamar sakarya. Sai da na shiga mota maganar ta zo min."

Ya tambaye ta mushrifa fa, da muryar da shi kansa bai gane ba.

"Ta rubuta ban gwada kayan aikina kafin darasi ba, kuma aji ya ƙwace min. Gaskiya ta rubuta. Yau mudira ta kira ni ofis. Ɗayar aka ɗauka. Ni zangon nan ne na ƙarshe."

Ya so ya ce mota ce ya ji wa tsoro, ya so ya ce Yari ne, ya so ya ce wuri uku kawai ya yi niyya. Amma ko shi bai yarda da su ba. Nora ta juya bayan taswirar, ta bi ɗinkin keken da yatsa, layi biyu a jere, ƙanana, madaidaita, babu wanda ya kauce.

"Sau biyu ka bi," ta ce.

"Sau biyu."

"Kai ne ka ce Allah wadai da layin nan. Duk taswirar, Ammu, ba inda ka ba wa ƙarfi kamarsa." Ta ɗauki jakarta. "Baba bai san dalili ba, kuma ba zan faɗa masa ba. Kada ka damu da takardunka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta fita, ta bar taswirar a kan tebur.

 A waje Yari ya hura gawayi, hayaƙin tsire ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Abdulwasi'u ya rataye taswirar a ƙusoshin bango, ya jawo kujera, ya ɗauko sabuwar reza. Ya fara daga tekun gabas, taku ɗaya bayan ɗaya, don ɗinkinsa ba ya yarda a ja shi, sai an yanke kowane ɗaya. Ya bi kogin. A zagayen Mizuri reza ta dakushe ya canja wata, ta yanke shi a babban yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Wayarsa ta yi ƙara, lambar Bandar ce, ya bar ta tana yi har ta gaji.

Ana kiran sallar magariba ya yanke takun ƙarshe a ƙasan Tekzas. Kudu ta saki, ta zame a hankali ta faɗi a kan tayil, da ɗan ƙyallen sunansa a kusurwarta, daidai yadda Nora ta so ta faɗi. Ba kowa a shagon sai shi.